Yadda za ka dawo wa gonarka da ranta: jagora ga manoman Sudan na bakin Nilu da na bildat, wato gonakin damina

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma, na Mai Wurno da Sinja da Sinnar, da na Gadarif da Kasala, da ku da kuke cikin hawashoshin Jazira, wato gonakin ban ruwa.

Tun da yaƙin nan na Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 shawal ɗin yuriya, wato buhun takin zamani, ya zama abin da ba kowa ke iya ɗauka ba, wani wurin ma ko kana da kuɗin babu shi a kasuwa, kuma duk majalisar da ka zauna maganar ɗaya ce, ƙasa ta gaji, in ba ka zuba mata samad ba, wato taki, ba ta ba ka komai. Baffana shi cewa yake ƙasar ta mutu. Kuma wallahi kalmar da ya zaɓa daidai take fiye da yadda shi kansa yake zato, domin abin da bai taɓa rayuwa ba ai ba a cewa ya mutu. Ƙasar noma mai lafiya cike take da rai, cokalin shayi ɗaya nata zai iya ɗaukar bakteriya har biliyan guda, iri dubbai, ga dangin funfuna masu zare siriri kamar saƙar gizo, ga wasu ƙananan halittu da suke cin waɗancan, ga kuma manya da ido ke gani, tana da gara da buzuzu.

Abin da nake so mu gane tun farko shi ne yawansu kaɗai bai isa ba, bambancinsu ne ke yin aikin. Ka ɗauki nafir, aikin gayya, in mutum hamsin suka zo kowa da toriya, wato fartanya, a kafaɗa amma babu mai lauje babu mai ɗauri babu mai kawo ruwa da abinci, ai kafin azahar gayyar ta watse. Haka cikin ƙasa yake, wani aikinsa fasa busasshen kara, wani ya kamo naitirojin daga iska, wani ya narkar da fosfor ɗin da ya daskare, su biyun abincin shuka ne, wani ya ɗaure ƙwayoyin laka su zama curi-curi ruwa ya samu hanya, wani kuma aikinsa kawai ya tare wuri kada mai kawo cuta ya samu gindin zama. Gonar da aka shekara goma ana mata dawa kan dawa, ana ƙone kara, ana barinta tsirara a rana, yawancin ma'aikatan nan sun ragu, waɗanda suka jure kuma ba lallai su ne masu amfaninka ba. To ga yadda ake dawo da su, bi da bi.

Da farko ka tona ka duba

Kada ka sayi komai tukuna. Ka ɗauki toriya bayan ruwa ya sauka da kwana biyu ko bayan ban ruwa, ka tona kamar kamu ɗaya a tsakiyar gona, sannan ka je ka tona irin wannan a gindin wata bishiya ko bakin shinge inda garma ba ta taɓa shiga ba, ka ajiye su gefe da gefe. Ka shinshina. Wannan ƙamshin na ruwan fari da muke ce wa du'ash, wasu bakteriya ne masu suna Sitreftomaisis suke yinsa, kuma daga danginsu ne aka ciro maganin tarin fuka sitreftomaisin a 1943. Ƙasar da ke wannan ƙamshin tana da rai. Wadda ba ta ƙamshin komai yunwa take ji, wadda ke warin ruɓaɓɓen ƙwai kuma ruwa ne ya shaƙe ta.

Sai ka murza a hannu. Mai lafiya tana wargajewa kamar dambu, ka ga ƙananan ramuka da guntayen saiwa a ciki, matacciya kuwa ko dai ta zama dunƙule kamar tubali ko ta zama gari. Ka busar da ɗan curi daga kowane wuri a inuwa, ka saka su a hankali cikin kofi biyu na ruwa ka tsaya kana kallo. Wanda ya fi daɗewa bai narke ba, shi ne mai abin da ke riƙe shi. Amma a kula, baƙar lakarmu ta Jazira da Gadarif dama halinta ne ta kumbura ta fashe in ta sha ruwa, don haka kada ka gwada ta da ƙasar jarif ta bakin kogi ko ta goz mai yashi, laka da laka za ka gwada.

Gwaji na uku ya fi ɗaukar lokaci amma shi ya fi gamsar da masu gardama. Ka yanko damuriyya, auduga zalla ba mai haɗin roba ba, ƙyalle biyu, ka binne ɗaya a gona ɗaya a gindin bishiyar, zurfin tafin hannu, ka kafa sanda don kada wurin ya ɓace maka, bayan wata biyu na damina ka tono. Inda ƙyallen ya zama tsumma ko ya ɓace ma, akwai masu aiki. Inda ka ciro shi kusan lafiya lau, to ka san inda matsalarka take. Gani ya kori ji.

Na biyu, a daina wuta, a rufe ƙasa

Duk halittun nan abincinsu ɗaya ne a asali, abin da shuka ta bari, kara da karmami da tushiya da saiwa. Ƙasarmu dama matalauciya ce ta wannan ɓangaren, ruɓaɓɓen abin da ke cikin lakar Jazira bai kai kashi 1 cikin 100 ba, zafi yana cinye shi da sauri. To in ka sa wa ragowar wuta ka ƙone abincin, naitirojin ɗin da ke cikin karan ya bi hayaƙi, abin da ya rage maka toka ce da iska za ta kwashe rabinta kafin kharif, wato damina. Sannan ga rana, a watan huɗu da na biyar fuskar ƙasar da ba a rufe ba tana iya haura digiri 60 da tsakar rana, ka taka ba takalmi ka ji, yanzu wace halitta ce za ta zauna a yatsa biyun farko na wannan ƙasar?

Na san amsar da za a ba ni, gasab, wato kara, kuɗi ne, dabbobi na jira, kuma wanda ka bari a gona makiyaya za su shiga su cinye. Gaskiya ne, ban ce ka bar duka ba. Ka yanke sama ka bar tushiya a tsaye kamar kamu ɗaya ko biyu, kada ka tumɓuke, saiwar da ke ƙasa ita ce ta fi muhimmanci ma. Abin da dabba ba ta so sosai, karan riɗi, ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, ganyen mangwaro da na ayaba da na darbejiya, tsohuwar ciyawar jinka da aka sauke, duk ka shimfiɗa su tsakanin kunya. In makiyayi ya shigo ma ka yi shawara da shi ya kwana da dabbobinsa a gonar, yana sauya musu makwanci, kamar yadda kakanninmu suke yi da Fulani tun a ƙasar Hausa, abin da suka ci su mayar maka da wani abu.

Abu biyu zan ja kunne a kai. Karan auduga daban ne, tun zamanin Turawa aka sa doka a Jazira a tumɓuke shi a ƙone saboda cututtukan da ke kwana a jikinsa su kama ta baɗi, wannan da dalilinsa, haka ma tumatirin da cuta ta kashe, fitar da shi za ka yi. Na biyu kuma busasshen kara a sama ake shimfiɗa shi, ba a binne shi ana gobe shuka. In ka binne, bakteriyar da za su cinye shi sai sun ari naitirojin ɗin ƙasar tukuna, sai ka ga shukarka ta yi ɗorawa makonni kana ta zargin iri.

Gara kuma a daina ganinta abokiyar gaba a ko'ina. A bildat inda tana ba ta iya rayuwa saboda bushewa, gara ce ke aikinta, tana jan ciyawa zuwa ƙasa tana huda ramukan da ruwa zai bi. Manoman Barkina Faso da na Tawa a Nijar da ita suka raya fako, su haƙa ƙananan ramuka da rani, faɗin kamu ɗaya da ɗan wani abu, su zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu, gara ta zo ta huda ƙasan, ruwan fari ya taru a ciki su shuka, a Nijar tassa ake ce masa. Masu ƙasar gardud mai tauri wannan naku ne. Masu baƙar laka kuma kada ku yi, ruwa ne zai kwanta ya ruɓar da iri.

Na uku, takin rami

Nan zan daɗe kaɗan domin nan ne mutane suka fi ɓata aiki. Kashin dabba da aka bari a fili rana ta dake shi wata shida, rabin ƙarfinsa ya tafi. Ɗanye kuma yana ƙone saiwa, yana kawo irin ciyawa, mutanen Kasala sun san yadda kashin awaki ke yaɗa bishiyar nan mai ƙaya, miskit, kuma in a jirjir ne ko wani ganye da ake ci ɗanye yana iya kawo wa iyali ciwon ciki. Dafa shi ake yi, kuma masu dafa shin su ne ƙwayoyin halittar da muke magana.

A irin zafinmu rami ya fi tsibi domin ya fi riƙe laima. Ka haƙa a inuwa, inda ruwan sama ba ya kwanciya, faɗi kamar mita ɗaya da rabi, zurfi kada ya wuce mita ɗaya, tsawo gwargwadon kayanka. A ƙasa ka jera kara mai kauri don iska. Sai busasshen abu da aka sassara, kaurin kamu ɗaya, ka yayyafa ruwa. Sai kashin shanu ko na awaki ko na kaji, kaurin yatsa huɗu, na kaji da na tattabaru sun fi zafi don haka kaɗan ya isa. Sai ɗanyen ganye, ciyawar da aka nome kafin ta yi ido, ɓawon kayan miya na gida. Sai ka barbaɗa ƙasa cikin hannu biyu ko uku, kuma ba kowace ƙasa ba, ka ɗebo ta gindin gawo ko ta dajin bagaruwa na bakin kogi ko ta tsohon ramin taki, wannan ita ce irin da kake shukawa, kamar yadda uwar gida ke barin ɗan tsohon ƙullu don na kisra na gobe ya yi tsami. Ka maimaita hawa-hawa har ya ɗan haura bakin rami, ka rufe da ciyawa ko tsofaffin shawalai. A ƙiyasi busasshe ya ninka kashi da ɗanye sau biyu zuwa uku.

Laimar ita ce sirrin. Ka damƙa a hannu ka matse, in ɗigo ɗaya ko biyu ya fito daidai ne, in ruwa ya zubo ya yi yawa, in ya wargaje ya bushe. Ka soka rodi a tsakiya ka bar shi. Bayan kwana uku zuwa biyar ka zaro, ya kamata ya yi zafin da ba za ka iya riƙe shi sosai ba, wato digiri 55 zuwa 65, wannan zafin ne ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. In rodin ya fito da sanyi, ko ruwa ya yi kaɗan ko kashi ya yi kaɗan. In yana warin fitsari mai hawa ido kashi ya yi yawa, ƙara busasshe. In warin ƙwai ne ruwa ya yi yawa, juya shi ya sha iska. Duk mako biyu ko uku ka juya, na gefe ya koma tsakiya, shi ya sa ya fi kyau ka haƙa rami biyu kusa da juna kana kwashewa daga wannan zuwa wancan. Wata biyu zuwa uku ya nuna, ya yi baƙi-baƙi, ya huce, ba ka gane me aka zuba, yana ƙamshin du'ash. Wani lokaci za ka ga farin zare a ciki, kada ka tsorata, ma'aikatan nan ne.

In kana da garin gawayi, wanda ke taruwa a gindin shawal ko wurin masu sayarwa, ka zuba shi cikin ramin tun farko. Gawayi cike yake da ƙananan ramuka da ke riƙe ruwa, halittun nan su zauna a ciki, kuma yana daɗewa a ƙasa shekaru masu yawa. Ya fi amfani a goz da ƙasa mai yashi. Amma toka a yi hankali da ita, ƙasarmu dama mai kanwa-kanwa ce, toka ƙara mata take yi, barbaɗe kaɗan ya isa.

Takin ba zai ishi faddan goma ba, wato kusan eka goma, na sani. Kada ka watsa shi ko'ina ya zama ba a ga komai ba, ka sa shi a ramin shuka ko a jikin kunya, cikin hannu ɗaya, ka rufe da ƙasa nan take kada rana ta kashe abin da ka yi wata uku kana reno.

Na huɗu, dangin wake su shigo juyi

Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, abin da muke saye a shawal, amma shuka ba ta iya ɗauka da kanta. Wasu bakteriya da ake kira raizobiyam su ne ke iyawa, suna shiga saiwar gyaɗa da wake da lubiya da adasi da ful masri da barsim su yi ƙulli su zauna, shuka tana ba su sukari su kuma suna ba ta naitirojin. Da aka buɗe Jazira a 1925 bayan gama madatsar Sinnar, lubiya tana cikin juyin shuka tare da auduga da dawa da hutun ƙasa, ba don ado aka sa ta ba.

Ga yadda za ka san suna aiki. Mako huɗu zuwa shida bayan shuka ka tono tushe uku ko huɗu da toriya, kada ka fizge, ka wanke saiwar a bokiti. Za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikinta, ka fasa ɗaya da farce. In cikin ja ne ko ruwan hoda kamar nama, aiki na tafiya. In fari ne bai fara ba ko ba ya yi, in kore ne ya tsufa. Kada kuma ka rikita su da kumburin da tsutsar saiwa ke yi wa tumatir da kuɓewa, ƙullin alheri a gefe yake maƙale, ka goga da yatsa ya fita, na cuta kuwa saiwar ce kanta ta kumbura.

In ka tono ba ka ga ƙulli ba, musamman a sabuwar ƙasa ko in waken suya ne, sai ka nemi garin bakteriyar da ake kira ukadin, ka tambayi jami'in gona na yankinku. Kowane iri da nasa, na ful masri ba ya yi wa gyaɗa. Ka jiƙa ɗan ƙaro a ruwa ko sukari ya yi danƙo, ka shafe irin, ka barbaɗa garin ka gauraya a inuwa, ya sha iska kaɗan ka shuka a ranar cikin ƙasa mai laima. Rana tana kashe su, maganin da ake cuɗa iri da shi ma yana iya kashe su, kuma fakitin da ya kwana cikin zafi ko ya wuce lokacinsa asarar kuɗi ce.

Sai dai in ka tumɓuke gyaɗa ka kwashe 'ya'ya ka kwashe harawa ka sayar, abin da ka bar wa ƙasa kaɗan ne ƙwarai, domin yawancin naitirojin ɗin yana cikin abin da ka fitar. Ko ka bar wani kaso, ko ka ba dabbobinka ka mayar da kashinsu. Wake da lubiya kuma yanke su ake yi a bar saiwa a ƙasa.

Na biyar, a rage garma, a bar saiwa mai rai

Akwai wata funfuna da ake kira maikoraiza, tana shiga cikin saiwar yawancin shuke-shuken duniya, kusan kashi 80 cikin 100, sai ta miƙa zarenta nesa zuwa inda saiwa ba ta kaiwa ta jawo fosfor da zinki da ruwa. A ƙasa irin tamu da fosfor ke daskarewa wannan babban abu ne, dawa da masara da albasa da auduga duk suna dogara da ita. Zaren nata kuma shi ne ke ɗinke ƙwayoyin ƙasa su zama dambun nan da na faɗa. Matsalarta ɗaya, ba ta rayuwa sai da saiwa mai rai, kuma duk lokacin da diskin garma ya bi ta kai yana yayyanka zaren. A Ostareliya, a baƙar laka irin tamu, sun lura gonar da aka bari fayau babu ko ciyawa fiye da shekara, shukar da ta biyo baya takan tsumbure, da aka bincika sai aka ga funfunar ce ta ƙare da yunwa.

Don haka kaftu uku ya koma ɗaya in zai yiwu, kada babur, wato tarakta, ya shiga laka tana jiƙe domin yana danne ta, kuma hutun ƙasa ya zama akwai wani abu a tsaye ko da lubiya ce. Masu jarif da suke shuka da saluka, sandar shuka, ba tare da sun juya ƙasa ba, ku riƙe abinku, kuma tunda aka fara cika madatsar Habasha a 2020 lakar da kogi ke kawo muku kyauta ba za ta riƙa zuwa kamar da ba, ku ma lokacin taki ya zo muku. Jirjir da fijil da kabeji da alayyahu ba sa ɗaukar wannan funfunar, don haka kada ka maimaita su a fangali ɗaya sannan ka dasa albasa a bayansu, ka raba tsakani da wake ko masara.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki, kuma mutanen Gadarif ku saurara. Dawa in tana yunwar fosfor takan fitar da wani sinadari ta saiwa don ta kira wannan funfunar, masana a Japan suka gano aikin sinadarin a 2005. To irin buda, ƙuduji ke nan, da wannan kiran yake farkawa. Wato gwargwadon yunwar gonarka gwargwadon ƙarfin kiran, gwargwadon budar da za ta taso, shi ya sa take cin gonar da ta gaji ta ƙyale mai taki. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubban goma, kuma yana iya jira a ƙasa fiye da shekara 10. Auduga da gyaɗa da wake suna tayar da irin amma ba ya iya kama su, sai ya mutu. Don haka taki, da juyi, da cire ta da hannu kafin ta yi fure a fitar da ita daga gona, su ukun tare ake yi, kuma ba aikin damina ɗaya ba ne.

Ruwa da samad

Halittun nan numfashi suke yi. In ka buɗe abu sitta, 'yar magudanar da ke shigar da ruwa gona, ka tafi gida ka bar ruwa ya kwana biyu uku a hawasha, masu buƙatar iska sun shaƙe, wasu kuma su taso su mayar da naitirojin ɗinka iska ya tashi, wato yuriyar da ka saya da tsada. Ruwa ya jiƙa ya wuce, ka gyara magudana tun kafin kharif. Ruwan farkon damina kuma yana tayar da su gaba ɗaya su saki abinci mai yawa cikin 'yan makonni, wanda ya yi shukar fari shi ke cin wannan, wanda ya makara ciyawa ta riga shi.

Ban ce a daina takin zamani ba. Ita kanta yuriya sai ƙwayoyin ƙasa sun sarrafa ta shuka ke amfana da ita sosai. Amma a ƙasa mai kanwa da zafi in ka watsa ta a sama ka tafi, kaso mai yawa iska zai bi, ka binne ta gefen shuka ka bi da ruwa, ka raba ta kashi biyu. Kada ka tula wa gyaɗa da wake, in suka samu a sauƙaƙe sai su daina yin ƙulli. Maganin feshi kuma sai ka ga ƙwarin da idonka, da awon da aka rubuta a jikin kwalba, kuma kada a wanke famfon feshi a tur'a, magudanar ban ruwa, ko kusa da ramin taki.

Bishiya ma tana cikin lissafi. Gawo, haraz ke nan, yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa dawa rana, dabbobi suna hutawa a gindinsa da rani suna barin kashi, kowa ya san dawar gindin gawo daban take. In ka ga ɗan gawo ko ɗakwara ya tsiro a gona ka kewaye shi da ƙaya. Mutanen Kurdufan da ɗakwara suke hutar da goz, su ci ƙaro shekaru sannan su dawo su noma.

Kada ka ɗauki gonar duka lokaci guda. Ka ware rubu'in faddan, ko jubraka, 'yar gonar kusa da gida, ma ta isa, ka raba biyu, rabi ka yi yadda ka saba rabi ka yi wannan, iri ɗaya rana ɗaya. Ramin taki ka fara shi a watan uku don ya nuna kafin watan shida, amma ka tabbata kana da ruwan da za ka riƙa yayyafa masa, in babu ka jira ƙarshen kharif ka yi na shukar sanyi. Shekarar farko abin da za ka fara gani shi ne laima tana daɗewa a ɓangaren da ka rufe, ƙarin amfani yakan ɗauki damina biyu ko uku. Ka auna abin da kowane ɓangare ya ba ka da kela ɗaya ka rubuta a littafi, ka kuma sake binne damuriyya a wuri guda kowace shekara, ka ajiye ragowar ƙyallen a leda da shekararsa a rubuce don ka riƙa gwada su.